Abraham Lincoln: Baƙon Da Ya Fara Daga Majalisar Jiha

Duk inda aka ambaci sunan Abraham Lincoln, abin da kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne Shugaban Ƙasar Amurka na 16, wanda ya riƙe ƙasar a lokacin yaƙin basasa, ya kuma sa hannu a takardar 'yanta bayi. Amma tun kafin ya san hanyar Washinton, a ƙauyukan Jihar Illinois ya koyi siyasa, yana bin gonaki da dandali yana roƙon a zaɓe shi wakili a Majalisar Dokoki ta Jiha. Sau shida ya tsaya takarar wannan kujera tsakanin 1832 da 1854. Ya sha kaye a karon farko, ya ci sauran biyar. A cikin wannan fafutuka ne ya zama lauya, a cikinta kuma mutane suka fara sanin halinsa.

Abin lura a tarihin nan shi ne, Lincoln baƙo ne a garin da ya fara neman ƙuri'a. Ba shi da gona a wurin, ba shi da gida, ba shi da dangi ko ɗaya. Jarinsa duka bai wuce yardar maƙwabtansa ba.

ASALINSA

An haifi Abraham Lincoln ran 12 ga Fabrairu, 1809, a wani gidan gungumen itace mai ɗaki ɗaya kusa da Hodgenville, cikin Jihar Kentucky. Sunan mahaifinsa Thomas, manomi ne kuma kafinta. Sunan mahaifiyarsa Nancy. A 1816 rigingimun takardun gona suka sa Thomas ya kwashe iyalinsa ya haye kogin Ohio zuwa Indiana, inda suka sari daji suka kafa sabon gida. Bayan shekara biyu Nancy ta rasu, saboda wata cuta da ake samu daga nonon shanun da suka ci wani tsiro mai dafi. Abraham yana da shekara tara a lokacin.

Mahaifinsa ya sake aure a 1819. Matar uban nan, Sarah, ta riƙe yaron kamar ɗan cikinta, ta kuma ƙarfafa masa gwiwa wajen karatu. In aka tara dukkan kwanakin da ya yi a makaranta ba su cika shekara guda ba. Sauran iliminsa da kansa ya nema, ta hanyar aron littattafai daga maƙwabta. Da rana yana faskare da noma, wani lokaci uban ya tura shi ƙodago a gonakin mutane, kuɗin kuwa na uban ne har sai yaro ya cika shekara 21, don haka dokar zamanin ta ce.

A watan Maris na 1830 iyalin suka sake yin ƙaura zuwa Illinois. Abraham ya taya su gina gida da kafa shinge, sa'an nan da shekara ta kewayo ya yi sallama da gidan ubansa, ya shiga duniya neman na kansa.

ZUWANSA NEW SALEM

Wani ɗan kasuwa mai suna Denton Offutt ya ɗauke shi aikin kai kaya New Orleans a jirgin ruwa na katako. A watan Afrilu na 1831 jirgin ya maƙale a kan madatsar injin niƙa da ke kogin Sangamon, daidai wani ƙauye da ake kira New Salem, ruwa ya soma shiga ciki. Mutanen gari suka taru a bakin gaɓa suna kallo. Sai suka ga wani dogon saurayi ya sa an rage kaya, ya huda gaban jirgin ruwan ya tsiyaye, ya toshe hudar, aka tura jirgi ya wuce. Wannan shi ne ganin farko da suka yi masa.

Da ya komo daga tafiyar, sai ya zauna a New Salem yana tsaron kantin Offutt. Ƙauye ne ƙarami, mutanensa wajen ɗari. Akwai wasu samari ƙarfafa na Clary's Grove waɗanda ba sa barin baƙo sai sun gwada shi. Aka haɗa shi kokawa da babbansu, Jack Armstrong. Masu ba da labari sun sha bamban a kan wanda ya yi kaye, amma duk sun yarda cewa daga ranar nan samarin suka zama mutanensa. Matar Jack, Hannah, ita ke yi masa ɗinkin wando, tana ba shi abinci in ya zo gidansu.

Tsawonsa ƙafa shida da inci huɗu ne, ga ƙarfi, ga iya ba da labarin ban dariya. Ba ya shan giya a wurin da kusan kowa ke sha. Mutane suka lura ba ya tauye awo, in kuma aka sa shi alƙalancin tsere ko kokawa, kowane ɓangare yakan yarda da hukuncinsa. Ya shiga ƙungiyar muhawara ta ƙauyen, ya yi tafiyar mil shida a ƙasa don ya aro littafin nahawun Turanci, saboda ya gyara harshensa.

TAKARAR FARKO

Bai fi wata takwas da zama a garin ba, yana da shekara 23, sai ya ba da sanarwar tsayawa takarar Majalisar Jiha daga gundumar Sangamon. Jaridar Sangamo Journal ta buga sanarwar ran 15 ga Maris, 1832. Abubuwa uku ya sa a gaba. Na farko, a yashe kogin Sangamon a miƙe kwanoninsa don jiragen ruwa su riƙa kwasar amfanin gona, domin a ganinsa kuɗin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ya fi ƙarfin jama'ar wurin. Na biyu, a yi dokar da za ta hana masu ba da bashi tsawwala kuɗin ruwa. Na uku, kowane mutum ya sami ilimi gwargwadon da zai iya karatu da kansa. A ƙarshen sanarwar bai ɓoye kome ba, ya bayyana cewa shi yaro ne, talaka, wanda yawancin masu zaɓe ba su sani ba, ba shi kuma da wani babba da zai tsaya masa.

Ana cikin haka sai yaƙi ya tashi. Black Hawk, wani shugaban 'yan asalin ƙasar daga ƙabilar Sauk, ya haye kogin Misisifi da jama'arsa zuwa ƙasar da aka raba su da ita, Gwamna ya nemi 'yan sa kai. Kantin Offutt ya riga ya durƙushe, saboda haka Lincoln ya ba da sunansa. Mutanen rundunarsa suka zaɓe shi kyaftin, abin da ya ce daga baya ya fi kowace nasara faranta masa rai. Ya yi kusan wata uku a daji bai taɓa shiga faɗa ba, sai dai ya taya binne waɗanda aka kashe. Daren da za su komo aka sace dokinsa, ya dawo gida da ƙafa da kwalekwale.

Da ya iso, kwanakin da suka rage kafin zaɓe ba su kai mako uku ba. Ya kamata mai karatu ya san yadda neman zaɓe yake a can a zamanin. Babu ofishin jam'iyya, babu mota, babu lasifika. Ɗan takara kan bi duk inda jama'a suka taru, ko wurin gwanjo, ko gayyar gina gida, ko wurin tseren dawaki, ya hau kututture ko akwati ya yi magana. Ranar zaɓe kuma ba a asirce ake jefa ƙuri'a ba. Mutum zai tsaya gaban malaman zaɓe ya faɗi sunan wanda yake so da bakinsa, a rubuta, kowa na ji.

An ruwaito cewa a wani taro a Pappsville, yana shirin fara jawabi sai faɗa ya kaure, ya hango an danne wani mutuminsa. Ya sauko, ya ɗaga mai dukan ya jefar gefe, ya koma ya yi jawabinsa a taƙaice, yana bayyana cewa shi mai bin ra'ayin Henry Clay ne, wato a kafa bankin ƙasa, a gina hanyoyi, a kare masana'antun gida.

Aka yi zaɓe ran 6 ga Agusta, 1832. 'Yan takara 13 ne, kujeru huɗu. Lincoln ya zo na takwas da ƙuri'a 657, ya faɗi. To, amma a mazaɓarsa ta New Salem, cikin mutum 300 da suka yi zaɓe, 277 sun ambaci sunansa. Abin mamaki kuwa, yawancinsu mutanen Shugaba Andrew Jackson ne, abokin hamayyar Clay, don bayan wata uku mazaɓar nan ta ba Jackson rinjayen ƙuri'a 115. Ke nan mutumin suka zaɓa, suka bar maganar jam'iyya gefe. Inda aka san shi ya ci, inda ba a san shi ba ya faɗi. Ya riƙe wannan darasi.

BASHI DA AIKIN SAFIYO

Bayan zaɓe ya haɗa jari da wani William Berry suka sayi kanti a kan bashi. Ciniki bai yi ba, kanti ya mutu. Berry ya rasu a farkon 1835, bashin da ya kai wajen dala 1,100 ya faɗo a wuyan Lincoln. A wancan zamani da yawa in irin wannan ta same su sukan sulale da dare su yi yamma, inda ba wanda ya san su. Shi kuwa ya zauna, ya ɗauki har da rabon mamacin, ya yi shekaru yana biya da kaɗan da kaɗan.

Abokansa suka samo masa aikin riƙon gidan waya na ƙauyen a watan Mayu na 1833. Albashin ba wani abu ba ne, amma yana karanta duk jaridun da suka biyo ta hannunsa, in kuma zai fita ƙauye yakan sa wasiƙu cikin hularsa ya kai wa masu su. Har ila yau babban safiyon gundumar, John Calhoun, ɗan jam'iyyar Dimokurat, ya ɗauke shi mataimaki. Lincoln ya zauna ya koyi lissafin awon ƙasa da kansa. Aikin nan ya kai shi kowane lungu na gundumar, yana auna gonaki da hanyoyi, yana raba gardamar iyaka. Wanda ya amince maka da iyakar gonarsa kuwa, ba zai yi wuya ya amince maka da ƙuri'arsa ba.

Da masu bin bashi suka kai ƙara, kotu ta sa aka yi gwanjon dokinsa da kayan awonsa. Wani manomi abokinsa, James Short, ya saye su ya mayar masa.

NASARAR 1834

A takara ta biyu bai buga wata doguwar sanarwa ba. Gida gida ya bi, gona gona. An ruwaito cewa ya tarar da mutum wajen talatin suna girbin alkama, suka nuna masa su ba sa zaɓen wanda bai iya aiki ba. Ya karɓi lauje ya shige gabansu har ƙarshen kunya.

Akwai wani abu da ya faru wanda ya nuna irin riƙon amanarsa. 'Yan Dimokurat suka zo masa a asirce da tayin ba shi ƙuri'unsu, da nufin su kayar da John Todd Stuart, wani lauyan Springfield wanda shi ne jagoran 'yan Whig a gundumar. Lincoln da Stuart sun san juna tun a fagen yaƙin Black Hawk, ra'ayinsu kuma ɗaya. Lincoln ya tafi kai tsaye ya gaya wa Stuart abin da ake ƙullawa. Stuart ya ce ya karɓi tayin, shi ya san yadda zai yi da nasa. Ran 4 ga Agusta, 1834, Lincoln ya zo na biyu cikin mutum 13 da ƙuri'a 1,376, Stuart ma ya sami kujera.

Stuart ne ya ba shi shawarar ya karanta aikin lauya, ya kuma buɗe masa ɗakin littattafansa. Lincoln yakan yi tafiyar mil 20 zuwa Springfield ya aro, ya zauna gindin itace yana karatu shi kaɗai, ba malami. Da lokacin zaman majalisa ya gabato, sai da ya ranci dala 200 wurin wani mai hali, Coleman Smoot, ya rage bashi, ya ɗinka kwat da wando na dala 60, don kada ya shiga cikin manya da tsumma. Babban birnin jihar a lokacin Vandalia ne. A zamansa na farko bai cika magana ba. Ya zuba ido yana koyon yadda ake tsara doka, har abokan aikinsa suka fara kawo masa nasu ya rubuta musu.

ZAƁEN 1836 DA LASIN LAUYA

Zaɓen 1836 ya fi na baya zafi, don jam'iyyu sun fara ƙarfi. Wani ɗan Dimokurat, Kanar Robert Allen, ya riƙa yaɗa cewa ya san wani asiri wanda in ya fasa shi Lincoln ya gama yawo, amma ya yi shiru don tausayi. Lincoln ya rubuta masa wasiƙa ya roƙe shi ya fito ya faɗa wa jama'a kome, domin in har akwai abin da zai hana a amince da shi, ɓoye shi cin amanar masu zaɓe ne. Allen bai sake cewa uffan ba. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

A wani taro a Springfield kuma, wani babban lauya mai suna George Forquer ya tashi ya ce sai ya sauke wa yaron nan girman kai. Shi Forquer bai daɗe da barin Whig ya koma Dimokurat ba, aka ba shi babban muƙami a ofishin filaye, ya gina gida ya kafa masa ƙarfen kare tsawa, abin da mutanen wurin ba su saba gani ba. Da Lincoln ya tashi ba da amsa, sai ya nuna cewa gara masa mutuwa da ya sauya jam'iyya saboda albashi, har ya koma yana kafa ƙarfe a kan rufi don tsoron fushin Ubangiji. Maganar ta bazu ko'ina a gundumar. Ya zo na ɗaya cikin 'yan takara 17.

Ran 9 ga Satumba na shekarar ya sami lasin aikin lauya, aka kuma shigar da sunansa a rajistar Kotun Ƙoli ta jihar ran 1 ga Maris, 1837. A majalisa ya zama jagoran 'yan Whig yana da shekara 27. Gundumar Sangamon ta aika da wakilai bakwai da 'yan Majalisar Dattijan jiha biyu, dukkansu dogaye, har aka yi musu laƙabi da Dogaye Tara. Babban burinsu shi ne a ɗauke babban birni daga Vandalia a kai Springfield, suka kuwa cim ma haka ran 28 ga Fabrairu, 1837.

Amma a zaman nan ne majalisar ta yi babban kuskure, Lincoln kuma yana sahun gaba. Suka amince da shirin gina hanyoyin jirgin ƙasa da gyaran koguna na wajen dala miliyan goma, duk da kuɗin rance. Watanni kaɗan bayan haka tattalin arzikin Amurka ya karye. Ayyuka suka tsaya, aka bar ramuka da tulin ƙasa, jihar ta kasa biyan kuɗin ruwa a 1841, ta yi shekara wajen arba'in kafin ta fita daga bashin. Garin neman ƙiba aka samo rama. Lincoln ya daɗe yana kare shirin bayan wasu sun janye jiki.

MAGANAR BAUTA

Illinois ba jihar bayi ba ce, amma yawancin mutanenta daga Kudu suka fito, tana kuma da dokoki masu tsanani a kan baƙar fata. A farkon 1837 majalisar ta zartar da ƙudurin la'antar ƙungiyoyin masu neman a soke bauta, da ƙuri'a 77, mutum 6 kawai suka ƙi. Lincoln na cikin shidan. Ran 3 ga Maris shi da Dan Stone suka sa aka rubuta ƙin yardarsu a littafin majalisa, suna masu cewa an gina bauta ne a kan zalunci da mummunar manufa. A cikin takardar dai sun ƙara da cewa hanyar da masu neman sokewa ke bi tana ƙara dagula al'amari, kuma Majalisar Tarayya ba ta da ikon taɓa bauta a cikin jihohi. Matsayi ne na taka-tsantsan, amma a wurin da kuma lokacin ba ƙaramin abu ba ne. Wata takwas bayan haka 'yan tarzoma suka kashe Elijah Lovejoy, editan wata jarida mai adawa da bauta, a garin Alton na jihar.

LAUYA ƊAN TAKARA

Ran 15 ga Afrilu, 1837, ya bar New Salem ya koma Springfield a kan dokin aro, kayansa duka cikin jaka biyu. Ya shiga kantin Joshua Speed ya tambayi kuɗin kayan shimfiɗa, aka ce dala 17, ba shi da su. Speed ya ji tausayinsa ya ba shi masauki a ɗakinsa na bene. Ya zama abokin aikin Stuart a ofishin lauya.

Zaɓen 1838 da na 1840 a matsayin cikakken lauya ya shige su, ya kuma ci duka biyun. Aikin kotu ya taimaki siyasarsa ƙwarai, domin ranar da alƙali ya zo rangadi gari yakan cika, da rana a yi shari'a, da yamma lauyoyin su hau dandamali su yi muhawarar siyasa. Sau biyu 'yan Whig suka tsayar da shi neman Kakakin Majalisa, sau biyu William Ewing na Dimokurat yana kayar da shi.

Shekarun nan ba su rasa abin kunya ba. A 1840 ya kwaikwayi wani abokin hamayya, Jesse Thomas, a gaban jama'a har mutumin ya yi kuka, daga baya Lincoln ya bi shi ya ba shi haƙuri. A watan Disamba na shekarar, 'yan Dimokurat suka nemi rufe zaman majalisa don su tilasta wa bankin jihar biyan mutane da tsabar azurfa da zinariya, abin da bankin ba zai iya ba. 'Yan Whig suka shirya ƙaurace wa zaman don kada adadin da doka ta ce ya cika. Da aka kulle ƙofa, Lincoln da wasu biyu suka dira ta taga, alhali an riga an ƙidaya su. Jaridun hamayya suka yi ta yi masa dariya.

A zaɓen 1840 kuma shi ne ya zo na ƙarshe cikin 'yan Whig da suka ci a gundumar. Mutanen karkara sun fara ganinsa a matsayin ɗan birni, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun Springfield masu juya jam'iyya. Da wa'adinsa ya ƙare bai sake nema ba. Ya auri Mary Todd ran 4 ga Nuwamba, 1842, suka haifi 'ya'ya maza huɗu, ɗaya ne kaɗai, Robert, ya yi tsawon rai. Ya je Majalisar Wakilai ta Tarayya daga 1847 zuwa 1849, inda ya soki yaƙin da Amurka ta yi da Meziko, sa'an nan ya komo ya duƙufa kan aikin lauya.

TAKARA TA ƘARSHE

Abin da ya komo da shi siyasa shi ne dokar Kansas da Nebraska ta 1854, wadda Stephen Douglas, ɗan Majalisar Dattijai daga Illinois, ya kawo. Dokar ta buɗe ƙofar kai bauta sababbin yankunan yamma inda a da aka hana. Lincoln ya yarda aka sa sunansa a takarar Majalisar Jiha don ya ƙarfafa masu adawa da dokar, ya kuma ci a watan Nuwamba. Amma bai zauna a kujerar ba. A zamanin, Majalisar Jiha ce ke zaɓen 'yan Majalisar Dattijai ta Tarayya, haka aka yi ta yi har 1913, tsarin mulkin jihar kuma ya hana ɗan majalisa mai ci neman wannan muƙami. Sai ya ajiye kujerar, abin da ya ɓata wa magoya bayansa rai, musamman da ɗan Dimokurat ya cinye ta a zaɓen cike gurbi.

A watan Fabrairu na 1855 majalisa ta zauna zaɓe. A zagayen farko Lincoln ne kan gaba da ƙuri'a fiye da 40, Lyman Trumbull yana da 5 kacal. Amma mutum biyar ɗin nan 'yan Dimokurat ne masu ƙin dokar Douglas, sun kuma rantse ba za su zaɓi ɗan Whig ba. Da Lincoln ya ga in aka ci gaba da ja ɓangaren Douglas zai ci, sai ya umarci mutanensa su koma bayan Trumbull. Ya rasa kujera, manufarsa ta yi nasara, waɗanda suka ƙi shi a ranar kuma suka zama masu taimakonsa daga baya.

A 1858, yana tsakiyar shirin karawa da Douglas, aka gurfanar da Duff, ɗan marigayi Jack Armstrong, bisa zargin kisan kai. Lincoln ya tsaya masa a kotun Beardstown. Mai shaida ya ce da hasken farin wata ya ga abin da ya faru. Lincoln ya fito da kalandar shekarar da abin ya faru, ta nuna a wannan sa'a wata ya yi ƙasa yana dab da faɗuwa. Aka sallami yaron. Bai karɓi ko kwabo daga Hannah ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Muhawara bakwai ya yi da Douglas a shekarar, yanzu a ƙarƙashin sabuwar jam'iyyar Rifablikan. A cikinsu ya tsaya kan cewa bauta mugun abu ce, ko da yake ya ce ba ya neman a daidaita baƙi da farare wajen zaɓe da riƙon muƙami, ra'ayin da ya sassauta a ƙarshen rayuwarsa. Majalisar Jiha ta zaɓi Douglas da ƙuri'a 54, shi yana da 46. Sai dai muhawarar ta kai sunansa ko'ina a ƙasar.

SHUGABANCI DA RASUWA

Ran 6 ga Nuwamba, 1860, aka zaɓe shi Shugaban Ƙasa. Jihohin Kudu suka ɓalle, yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 1861. Ran 1 ga Janairu, 1863, ya ba da sanarwar 'yanta bayin da ke yankunan 'yan tawaye. A watan Janairu na 1865 ya yi amfani da dabarun da ya koya a Vandalia, na lallashi da ƙidayar ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, har Majalisar Wakilai ta amince da gyaran tsarin mulki na 13 wanda ya haramta bauta. Majalisar Illinois, wadda a 1837 mutum shida kawai suka tsaya tare a cikinta, ita ce ta fara amincewa da gyaran cikin dukkan jihohi, ran 1 ga Fabrairu.

Daren 14 ga Afrilu, 1865, John Wilkes Booth ya harbe shi a gidan wasan kwaikwayo na Ford a Washinton. Ya cika da safiyar 15 ga wata, yana da shekara 56. Aka ɗauko gawarsa a jirgin ƙasa zuwa Springfield, aka ajiye ta a zauren Majalisar Wakilai ta jihar, inda ya yi zamansa na ƙarshe a matsayin wakilin Sangamon. Dubban mutane suka yi layi dare da rana suna wucewa ta gabanta, kafin a binne shi a maƙabartar Oak Ridge ran 4 ga Mayu.

Ƙauyen New Salem kuwa ya watse tun wajen 1840, don kogin bai taɓa ɗaukar manyan jirage yadda ya yi fata ba. A shekarun 1930 aka sake gina shi don masu ziyara. Mutum 277 na mazaɓar ƙauyen nan su ne suka fara tsayawa a bainar jama'a suka ambaci sunan baƙon da bai cika shekara biyu a cikinsu ba, saboda sun ga awonsa a kanti, sun ga hukuncinsa a dandali, sun kuma san yadda yake zaune da mutane.